Duka da Zagi a Ɗakin Kulawa ta Musamman: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun karkata ga abu ɗaya, wato cin zarafin da ma'aikatan jinya ke sha a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu har sai na'ura ta tallafa musu. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye da wuraren aiki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata biyu a wannan ɗaki. A dutin dare wani majiyyaci da ke kan na'urar numfashi ya farka ya shiga fizgar bututun bakinsa. Ina riƙe hannunsa sai ya kai mini naushi a ido, ya damƙi igiyar katin da ke wuyana. Da gari ya waye bai san an yi ba. Babbar sistarmu ta ce in yi haƙuri, aikin ne ya gaji haka. Ya dace in rubuta rahoto a kan mutumin da ba ya cikin hayyacinsa? Kuma akwai yadda zan gane abin kafin ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu, Allah ya sawwaƙe. Ki rubuta rahoton tun abin yana sabo a ranki. An cakuɗa miki magana biyu ne: ko majiyyacin yana da laifi, da kuma ko an buge ki. Ba shi da laifi, amma an buge ki, kuma idon da ya kumbura bai san niyyar mai naushin ba. Rahoton nan ba ƙararsa kika kai ba. Da shi hukumar asibiti za ta san sau nawa abin ke faruwa, da ƙarfe nawa, mutum nawa ke bakin aiki a lokacin. Ɗakin da ba a rubuta komai, a takarda lafiya lau yake, don haka ba wanda zai ƙara masa ma'aikaci ko ya sa masa ƙararrawa.

Gaskiya ne abin ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya na shan duka a wani lokaci na rayuwar aikinsu. A Amurka, a 2018, kashi 73 cikin 100 na raunukan da duka ya jawo a wuraren aiki ma'aikatan lafiya ne suka same su. Sai dai yawan abu ba ya mai da shi daidai, kuma manyan da ke cewa "aikin ya gaji haka" suna koya wa na ƙasa yin shiru ne ba tare da sun sani ba.

Abin da kika siffanta ɗimuwa ce: ƙwaƙwalwa ta rikice cikin sa'o'i ko kwanaki saboda ciwon jiki ko magani, tana zuwa tana tafiya, ta fi tsananta da dare. Wasu binciken sun same ta a jikin har kashi 80 cikin 100 na masu na'urar numfashi. Mutum ne ya farka ba ya iya magana, ga abu a maƙogwaronsa, bai san inda yake ba, ga baƙuwar fuska ta sunkuyo ta kama hannunsa. Shi a ganinsa ransa yake ƙwata.

Ana ganinta tana tafe. Ma'aunin RASS, wanda da shi ake auna tashin hankali ko zurfin barcin majiyyaci, ya tashi daga +4 zuwa −5. Sifili shi ne mai ido biyu a natse. A +1 yana ɗar-ɗar, a +2 yana yawan motsi ba dalili ko yana jayayya da na'ura, a +3 ya fara fizgar bututu, a +4 ya shiga faɗa. Galibi ana son majiyyaci ya zauna tsakanin 0 da −2, sai in likita ya faɗi wani abu daban. A auna kowane awa biyu zuwa huɗu. Sau ɗaya a kowane duti, aƙalla, a yi gwajin CAM-ICU na gano ɗimuwa. Wani ɓangarensa shi ne ki karanta masa haruffa goma, ya matse hannunki duk sanda ya ji "A". Kuskure fiye da biyu ya nuna hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a rubuta +1 da ƙarfe goma, +2 da sha biyu, ba wanda ya tambayi dalili, sai da ƙarfe biyu a ji ihu.

Ruwa ba ya tsami banza. Da zarar lambar ta fara hawa, ki bi dalilai, ki fara da wanda ke kisa da sauri. Iskar oksijin da bututun kansa: ko majina ta toshe shi, ko ya lanƙwashe, ko ya zame. Sai sukarin jini, wanda awonsa minti ɗaya ne. Sai zafin ciwo, wanda a mara magana ake aunawa da ma'aunin CPOT mai lamba 0 zuwa 8 ta duban fuska da tsukewar jiki. Daga 3 zuwa sama yana buƙatar magani. Ki taɓa mararsa, don robar fitsari da ta toshe ta isa ta sa dattijo mai kunya ya yi dambe. Ki duba zazzaɓi, da yaushe rabonsa da bayan gida, da sabbin magungunan da aka sa masa. Ki tambayi danginsa a keɓe ko yana shan giya ko wata ƙwaya kullum, domin mai shan giya kan rikice kwana biyu zuwa uku bayan kurɓarsa ta ƙarshe, da rawar jiki da gumi da bugun zuciya da sauri.

Babban kuskure shi ne a fara da allurar barci. Wanda oksijin ya yi wa ƙaranci in aka yi masa ita zai yi shiru, a ɗauka ya samu sauƙi alhali nitsewa yake. Midazolam da diyazefam da danginsu kan ƙara ɗimuwa, sai fa ga mai ciwon rabuwa da giya, wanda su ne maganinsa. Shi ya sa ƙa'idojin ƙwararru na 2018 suka fifita furofofol ko deksimedetomidin ga mai na'urar numfashi. Haloferidol na iya lafar da mai faɗa, amma wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna ba ya rage kwanakin ɗimuwa, kuma yana iya taɓa bugun zuciya. Zaɓin magani na likita ne. Naki shi ne ki kai masa lamba da abin da kika riga kika duba.

Sai kare jikinki. Daga +2 zuwa sama kada ki je gadon ke kaɗai: ɗaya ta yi masa magana, ɗaya ta yi aikin. Ki zo ta gefe inda zai gan ki, ki kira sunansa, ki faɗi naki, ki gaya masa inda yake da abin da za ki yi, sannan ki taɓa shi. Kada ki miƙa jiki ta kansa don ɗauko abu a ɗaya gefen, ki zagaya. Ki cire duk abin da ke rataye a wuya, har da abin sauraren ƙirji, in kuwa dole ne a rataya kati to a nemi igiya mai ɓallewa da an ja ta. Almakashi da biro su bar aljihun ƙirji. In ya kama wuyan hannunki, ki murɗa ta wajen babban yatsansa, nan ne riƙo ya fi rauni. A mayar masa da tabarau da abin jinsa, a bar hasken rana ya shigo, da dare a rage fitila da ƙarar na'urori, a haɗa ayyukan dare wuri ɗaya don ya samu barci. Allo mai hotuna da zai nuna ƙishi ko ciwo ko tsoro yana hana faɗa da yawa.

Tambaya: Na je duba mahaifina na tarar an ɗaure hannayensa da gado. Raina ya ɓaci har na ɗaga wa nas murya. Wannan ba wulakanci ba ne?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɓacin ranka abin fahimta ne, amma ka koma ka ba ta haƙuri, ka yi tambaya uku: me ya yi aka ɗaure shi, me aka gwada kafin haka, yaushe za a sake dubawa.

Bututun numfashi yana da 'yar balan-balan da ake hurawa a cikin maƙogwaro. In aka fizge shi a haka zai iya ji wa maƙogwaron rauni, kuma wanda ba ya iya numfashi da kansa mintuna kaɗan gare shi. Saboda haka wani lokaci ɗaurin kan zama dole. Amma shi ne matakin ƙarshe, bayan an nemi dalilin rikicewar, an gwada safar hannu mai kauri, an gwada zaunar da wani kusa da shi. Ɗauri kan ƙara firgita majiyyaci, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka cire bututu da kansu a ɗaure suke lokacin da suka cire.

Yana da ƙa'ida. Da umarnin likita ake yi, a sake duba buƙatarsa aƙalla kullum. Maɗaurin mai laushi ne, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da fata. A jikin ƙarfen gadon ake ɗaurawa da ƙulli mai warwarewa da ja ɗaya, ba a jikin shingen gefe ba, don in aka sauke shingen zai fizgi hannun. Aƙalla kowane awa biyu a kwance hannu ɗaya bayan ɗaya, a duba launi da ɗumi da bugun jini, a motsa gaɓoɓi. Ba a ɗaure mutum a kife. Kada ka kwance shi da kanka. Ka nemi a bar ka ka zauna a gefensa kana riƙe da hannunsa kana yi masa magana, domin muryar da ya sani takan yi abin da allura ba ta yi ba, har a samu damar kwance shi muddin kana nan.

Tambaya: Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakinmu. Tsoronmu 'yan'uwan majiyyata ne. Kwanan baya wani matashi ya rasu, danginsa suka bankaɗo ƙofa, suka fasa gilashi, aka mari ɗaya daga cikin yarana. Yanzu biyu na neman canjin sashe. Ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Wannan daban yake da na mai ɗimuwa. Wanda ya yi marin yana cikin hankalinsa, baƙin ciki bai ɗauke masa alhaki ba, kuma asibiti ne ya kamata ya kai maganar ga 'yan sanda da sunansa, kada a bar yarinyar ta bi ita kaɗai. Wasu ƙasashe sun yi wa abin doka ta musamman. A Ingila da Wales dokar 2018 ta sa ɗaurin da zai iya kai wata 12 ga mai dukan ma'aikacin agajin gaggawa, ciki har da ma'aikatan jinya, aka ɗaga shi zuwa shekara biyu a 2022.

Amma yawancin aikinki kafin ranar yake. Ɗakin da mutane ke kira "gobe da nisa" da tsoro ake zuwa ƙofarsa. A kan tsoron sai a ɗora jira na awoyi ba labari, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Mafi muni ita ce kalmar tausayi, "yana samun sauƙi", da ake faɗa don a kwantar musu da hankali. In mutumin ya rasu washegari, abin da dangi za su fahimta shi ne ko dai an yi musu ƙarya, ko an yi sakaci cikin dare. Wadda ke tsaye a bakin gado ita za ta biya.

Ku nemi dangi su fitar da mutum ɗaya mai magana da yawunsu. Ku sa lokaci tsayayye kullum na ba da bayani, ku cika shi ko da babu sabon abu. Cikin awa 72 da kwantar da mai tsananin ciwo a yi zama na sosai, likita da nas tare, kowa a zaune. A fara da tambayar abin da suka fahimta. In akwai yiwuwar rasuwa a ambace ta da sunanta, a bar kewaye-kewaye. Abin da aka faɗa a rubuta a fayil don na dutin dare ya faɗi irinsa. An gwada irin wannan zama a ɗakuna 22 a Faransa, aka buga sakamakon a 2007: dangin da aka ba lokacin magana sosai da 'yar takardar bayani, bayan kwana 90 kashi 45 cikin 100 ne ke da alamun firgici mai ɗorewa, a kan kashi 69 na waɗanda aka yi wa yadda aka saba. Rufe ƙofa ma ba shi ne tsaro ba. Wani gwaji a Burazil da aka buga sakamakonsa a 2019 ya buɗe ziyara har awa 12 a rana, damuwar dangi ta ragu, kuma ba a ga ƙaruwar kamuwa da cuta ko gajiyar ma'aikata ba. Maganar kuɗi da ta rashin gado kuwa a kai ta ofis, a ɗauke ta daga bakin nas.

Ba a sanar da rasuwa a baranda, ba a kuma tura ƙaramar ma'aikaciya ita kaɗai. A shiga ɗaki, ma'aikata su zauna ta wajen ƙofa, mai gadi na kusa amma ba a gaban idonsu ba. A gyara mamacin, sannan a shigar da su biyu-biyu ko uku-uku.

In wuta ta fara kamawa, alamunta kai-komo ne, da maimaita tambaya ɗaya, da murya mai hawa, da dunƙule hannu, da harbin kujera. A tsaya nesa da shi kamar tsawon hannu biyu, a ɗan karkace, hannuwa a fili. Mutum ɗaya ya yi magana, gajeru, da murya ƙasa da tasa. "Kwantar da hankalinka" ƙara masa zafi take, "ba laifina ba ne" ma haka. Gara a ce, "Na ga ranka ya ɓaci, awa uku kana jira ba wanda ya zo, bari in kira likita yanzu." A yarda da abin da yake gaskiya a maganarsa, a ba shi zaɓi, a kuma kafa iyaka: "Ina so in taimake ka, amma ba zan iya ba kana ɗaga mini hannu." Da an ga makami ko an kai duka, magana ta ƙare, a fita a danna ƙararrawa. Ku gwada ƙararrawar nan kowane wata da agogo a hannu, rana da dare, ku ga minti nawa masu gadi ke ɗauka. Ku kuma tsayar da kalmar sirri ta neman taimako wadda har mai shara ya sani.

Su biyun da ke son tafiya, kada ki roƙe su da haƙuri kawai. Ki nuna musu a rubuce abin da aka canza da ranar da aka canza shi.

Tambaya: Majiyyaci ya cije ni a yatsa har jini ya fita, ya kuma tofa mini yawu a ido. Na goge na ci gaba da aiki. Kwana huɗu ke nan ba na barci. Me ya kamata in yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ga likita yau. Abin da ake yi nan take shi ne a wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na mintuna, ba tsotsa, ba matsewa da ƙarfi, ba zuba bilic. Ido kuma a ɗauraye shi da ruwa mai yawa ko ruwan gishirin asibiti. Cizon mutum a hannu yana saurin ruɓa saboda ƙwayoyin cutar baki, shi ya sa ba a cika ɗinke shi ba, kuma likita kan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki tun kafin ya kumbura. In yatsan ya yi ja, ko ya kumbura, ko lanƙwasa shi na ciwo, kada ka kwana da shi. A duba rigakafinka na tetanus da na ciwon hanta nau'in B. Yawu kaɗai ba ya yaɗa cutar ƙanjamau, amma in akwai jini a bakin mai cizon ana auna haɗarin. Maganin kariya daga ƙanjamau na kwana 28 ne, kuma cikin awa 72 ake fara shi. Kai wannan lokaci ya wuce maka, sai dai a yi maka gwaji yanzu a sa maka ranakun maimaitawa, har da na ciwon hanta nau'in C.

Ka ɗauki hoton ciwon, ka rubuta rana da lokaci da waɗanda suka gani. Rashin barci da faɗuwar gaba a kwanakin farko abu ne da jiki kan yi, yakan kuma lafa. Ka nemi a canza maka majiyyaci. Ka yi magana da wanda ka yarda da shi in kana so, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a tilasta wa mutum zaman ba da labarin abin dalla-dalla. In ya haura wata ɗaya kana mafarkinsa ko kana gudun ɗakin, ka ga likitan ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Ni ba majiyyaci ke cin zarafina ba. Wani babban likita ne ke zagina a gaban kowa, ya taɓa jifana da fayil. Yanzu ina jin tsoron kiransa da dare. Wannan ma yana cikin lissafi?

Amsa: Yana ciki, ƙanwarmu. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2019, ta haɗa cutarwar jiki da ta zuciya duk a ƙarƙashin cin zarafi a wurin aiki. Jimlarki ta ƙarshe ita ta fi tayar mana da hankali. Nas ɗin da ke tsoron kira za ta jinkirta, kuma hawan jini ko saukarsa ba ya jiran kowa ya huce. Tun 2008 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta yi gargaɗi cewa irin wannan hali yana jawo kurakuran jinya.

A bambanta tsawa a lokacin da zuciyar majiyyaci ta tsaya, wadda umarni ce cikin gaggawa, da zagi da ƙasƙanci da jifa. In yana cikin faɗa, ki mai da maganar kan majiyyaci hawa-hawa: "Ina da damuwa." In bai ji ba, "Hankalina bai kwanta da wannan ba." In bai ji ba, "Wannan haɗari ne ga majiyyaci." Kin faɗa sau biyu bai saurara ba, ki kira na gaba da shi, ki rubuta lokacin da kika kira kowannensu. Ki kira shi da dare duk sanda ya kamata, da lambobinki a shirye a gabanki.

Ki buɗe littafi naki na kanki: rana, lokaci, ainihin kalmominsa, waɗanda ke wurin, ban da sunan majiyyaci. Ki kai koke a rubuce ga shugabarki, ki riƙe kwafi mai sa hannun wanda ya karɓa, ki sanar da ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya. In akwai wasu da yake yi wa haka, ku sa hannu tare. Maganar jifa da fayil kuwa ki cika mata fom ɗin rahoton duka, irin wanda za ki cika da baƙo ne ya jefe ki.